Annoba ta gaba: wa zai fara ganinta, kuma me zai sa ya faɗa?

Tambaya: "Likita, ni mai kiwon kaji ce a bayan gida. Kullum a rediyo ana cewa wata annoba na nan tafe, kuma wai mu mutane ne ke jawo ta da hannunmu. Ni dai abin da na sani, annoba daga Allah take. To me muka yi? Kuma mu da ba gwamnati ba, ba likitoci ba, wane shiri za mu iya yi?"

Amsa:

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa kiwo albarka. Ni likitan dabbobi ne, yawancin shekarun aikina tsakanin ɗakunan kaji da kara da mayanka na yi su, don haka ta can zan ɗauko miki amsar. Kuma tun yanzu ki cire wa ranki cewa ke ba kowa ba ce a wannan magana. Mai kiwo irinki tana gaba da ni a layin masu gadin annoba, zan nuna miki dalili.

Annoba daga Allah take, wannan ba mai musu. Gobara ma daga Allah take, amma ba ki taɓa ganin mai hankali ya ajiye jarkar fetur a gindin murhu ya ce ai ƙaddara ce ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, juyowa ya yi da jama'arsa. Da aka ce masa ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ga ƙaddarar Allah. To maganar hannun ɗan'adam a cikin annoba maganar sababi ce kawai, ba ta ci karo da imaninki ba.

Ga abin da ake nufi. Cikin cututtuka masu yaɗuwa da aka sani a jikin mutum, kusan kashi 60 cikin 100 daga dabbobi suka samo asali, cikin sababbin da ke ɓullowa kuwa kusan kashi 75 ne. Ƙwayoyin nan ba jiya aka halicce su ba. Sun daɗe zaune a jikin jemage da ɓera da agwagwar ruwa, galibi ba sa ma cutar da mai masaukinsu. Abin da ya sauya mu ne: mun yi yawa, mun sare daji mun shiga, mun tara dabbobi dubbai a ɗaki guda, mun tare koguna, mun kuma ƙera jirgin da zai kai mutum daga wata nahiya zuwa wata kafin zazzaɓinsa ya bayyana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɓarkewar irin waɗannan cututtuka a Afirka ta ƙaru da kashi 63 cikin 100 tsakanin 2012 da 2022 idan aka gwada da shekaru goman da suka gabace su.

Misalin da na fi son bai wa ɗalibai daga ƙasar Malesiya yake, domin a cikinsa babu mugu ko ɗaya. Manoma ne suka kafa manyan garkunan aladu a bakin daji, suka dasa mangwaro da wasu itatuwan marmari a gefe don ƙarin abin shiga aljihu. Dabara ce mai kyau a ido. Da dare jemagu su zo su ci 'ya'yan itace, su yar da ragowar da yawunsu a jiki, ta faɗa garke, alade ya tsinta ya ci. A 1998 aladu suka fara tari, masu kula da su suka fara zazzaɓi mai taɓa ƙwaƙwalwa. Hukumomi suka zaci wata cutar sauro ce da suka saba da ita, aka shafe watanni ana feshin sauro. Su kuma manoman da suka ga garkensu na mutuwa suka riƙa sayar da aladun da araha zuwa wasu jihohi, cuta ta bi motocin. Sai a 1999 aka gane sabuwar ƙwaya ce, wadda aka sa wa suna Nipah. Kafin ta lafa mutum sama da 100 sun mutu, an kuma hallaka aladu sama da miliyan ɗaya. Ki riƙe maganar sayarwa da araha ɗin nan, za mu dawo kanta.

Korona ma haka. Har yau ana jayayya kan asalinta. Yawancin shaidun da aka wallafa sun karkata ga kasuwar da ake sayar da namun daji masu rai a birnin Wuhan na ƙasar Sin, wasu kuma na zargin daga ɗakin gwaje-gwaje ta kuɓuce. Ko wanne ne, hannun ɗan'adam na ciki.

Amma ba sai mun je Asiya ba. Zazzaɓin Lassa sunan wani gari ne a jihar Borno ya ɗauka, inda aka fara gano shi a 1969. Wani ɓera ne mai nonuwa da yawa ke ɗauke da ƙwayar, yana zubar da ita a fitsari da kashinsa. In kin bi hanya da kaka za ki ga abin da nake nufi: an shanya masara da barkono da rogo a gefen kwalta, zube a ƙasa, wani lokaci su kwana a nan. Da rani kuma a cinna wa daji wuta don farauta ko sharar gona, ɓeraye su rasa mafaka su yo cikin gari, su sami rumbu a buɗe da bola a ƙofar gida. Shi ya sa cutar ta fi tashi daga Disamba zuwa Afrilu, kuma Bauchi da Taraba na cikin jihohin da ta fi addaba tare da Ondo da Edo. A watan Janairun 2020 likitoci biyu suka rasu a Kano bayan an yi wa wata mai juna biyu aiki, ba a san tana ɗauke da cutar ba. Daga ɓera zuwa ɗakin tiyata, tafiyar ba ta da nisa.

Akwai kuma zazzaɓin kwarin Rift, wanda sauro ke yaɗawa tsakanin dabbobi. An gama madatsar ruwa ta Diama a kogin Senegal a 1986, ruwa ya kwanta inda da ba ya kwanciya, sauro ya samu gida, a 1987 cutar ta ɓarke a kudancin Muritaniya. A 2016 ta ɓulla a yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, wajen Cintabaraden, ta kashe mutane fiye da ashirin, yawancinsu makiyaya. Alamarta ta farko ba a asibiti ake ganinta ba, a ruga ake gani: tumaki su yi ta ɓari a jere, ƙananan raguna su yi ta faɗuwa. Makiyayi kuma da hannunsa tsirara yake jawo ɗan tayin da ya maƙale, ta nan take shigarsa. Raƙuma ma suna da tasu. Cutar numfashin nan ta MERS da aka gano a Saudiyya a 2012, wadda ke kashe kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu, masu bincike sun sami ƙwayarta a hancin raƙuman da ake yankawa a Kano. Mu kuwa mutane ne masu zuwa Hajji da Umara kowace shekara.

Yanzu bari in zo kan naki, wato murar tsuntsaye, don ita ce ta fi hana mu barci. Nijeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar da nau'in H5N1 a cikinta, ranar 8 ga Fabrairun 2006, a wata babbar gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna. Tun cikin Janairu kajin ke mutuwa. Kafin sakamakon gwaji ya fito cutar ta riga ta yi gaba, ba a jima ba aka same ta a Kano da Filato, kafin watan ya ƙare ta tsallaka Magariya a Nijar. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A farkon 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Ta lafa, ta dawo a 2015, ta sake dawowa a 2021. A duniya kuwa, cikin mutanen da aka tabbatar ta kama tun 2003, kusan rabi sun mutu. Abin da ya cece mu zuwa yau shi ne ba ta iya tsallakawa daga mutum zuwa mutum cikin sauƙi ba.

Ba ta iya ba tukuna. Ƙwayar mura kamar ɓarawo ce mai tarin makullai, kowane jiki ta shiga tana gwada sabon makulli, domin duk sanda ta hayayyafa takan ɗan sauya kama. A cikin agwagwar daji damar gwajin kaɗan ce. A ɗakin da aka cusa kaji dubu goma iri ɗaya, shekaru ɗaya, suna shaƙar iska ɗaya, dama dubu goma ce a kwana uku. Kuma kusa da su akwai yaron da ke share ɗakin, wanda wataƙila shi ma yana fama da tasa murar ta mutane, sai ƙwayoyin biyu su haɗu a jiki ɗaya su yi musayar kaya. A watan Maris na 2024 aka wayi gari cutar ta shiga shanun madara a Amurka, abin da kusan babu wanda ya yi tsammani. Murar 1918 da ta kashe miliyoyin mutane a duniya, wadda ta sauka Legas ta jirgin ruwa ta biyo kogi da layin dogo zuwa Arewa, ita ma danginta daga tsuntsaye suke.

Akwai wata safiya da ba na mantawa. Wani dattijo ne da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a kaji masu ƙwai wajen dubu biyu a bayan gari. Ya kira ni na je. Tun daga ƙofa na san akwai matsala, don ɗakin kaji masu lafiya ba ya shiru, wannan kuwa tsit. Waɗanda ke raye sun takure, fuska a kumbure, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, ƙafafu da jirwayen jini a ƙarƙashin fata. Yaronsa na kwashe matattu a baro, hannu ba safa, ƙafa da silifa. Na duba ɗakin na ga ko rabi bai cika ba, matattun kuma ba su kai su cike gurbin ba. Na ce, "Baba, ina sauran?" Ya yi shiru, can ya ce dillali ya zo da a-kori-kura shekaranjiya da dare ya kwashi masu ɗan kuzari. Ranar da ya kira ni kwana na huɗu ke nan da fara mutuwar. Na ce me ya sa bai kira tun ranar farko ba. Ya dube ni ya ce, "Likita, in na kira ku ku zo ku kashe min su duka, wa zai biya ni? Da hanau gara mannau."

Ban iya yi masa faɗa ba. Lissafinsa daidai ne ta fuskar aljihunsa. A 2006 diyyar da aka fara sanarwa naira 250 ce kan kowace kaza, kuɗin da bai kai rabin darajar kaza mai ƙwai ba, kuma kafin ya zo hannu an sha jira. Daga baya an gyara farashin, amma labarin farko shi ya zauna a zukatan masu kiwo. Kajin da dillalin nan ya kwasa kuwa kin san inda suka nufa: kasuwa, su kwana keji ɗaya da zabi da agwagi da tantabaru daga garuruwa goma, su bi ta hannun masu yanka da masu figa, waɗanda ke tsaye kan tukunyar ruwan zafi tun safe gashi na tashi yana shiga musu hanci. Waɗanda ba a sayar ba su koma wani gida a matsayin na kiwo. Kiret ɗin ƙwai ya tafi wata gona, kashin kajin ya tafi lambu a buhu.

Wannan ita ce amsata ga tambayarki ta biyu. Duk wata annoba mai zuwa, wanda zai fara ganinta ba farfesa ba ne, ba minista ba ne. Mai kaji ne, ko makiyayi, ko mahauci da ya buɗe ciki ya ga saifa ta kumbura ta yi baƙi, ko ma'aikaciyar ƙaramin asibitin ƙauye da ta ga mutum uku daga gida ɗaya da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya. Shirin annoba gaba ɗayansa ya rataya ne kan ko wannan mutum zai buɗe baki a ranar farko, ko zai yi shiru har rana ta huɗu. Kuma ba zai faɗa ba muddin faɗar za ta talauta shi.

Ki ga yadda kwanaki ke aiki. Ebolar Afirka ta Yamma ta fara ne da wani ƙaramin yaro a ƙauyen Meliandou da ke kudancin Gini, wanda ya rasu a Disambar 2013. Ba a gane Ebola ba ce sai a Maris na 2014. Wata uku cuta na tafiya ba suna, ana cewa kwalara ce ko maleriya. Da ta gama, ta kama mutum sama da 28,000, ta kashe sama da 11,000. Ita dai wannan cutar ta sauka Legas ranar 20 ga Yulin 2014 a jikin wani matafiyi daga Laberiya, birnin da kowa ya ce in ta shiga an gama. Likitar da ta duba shi, Dakta Stella Adadevoh, ta yi zargin Ebola cikin 'yan kwanaki, ta kuma ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata. Aka ɗauko ma'aikata da tsarin da aka gina don yaƙi da shan-inna, aka bi sawun mutane kusan 900 da suka yi mu'amala da masu cutar, gida-gida, ana auna zafin jikinsu kullum. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, har da ita likitar. Ranar 20 ga Oktoba aka ayyana Nijeriya ta rabu da cutar. Ƙwaya ɗaya ce a Gini da Legas. Masana yanzu suna da ma'auni da suke kira 7-1-7: a gano ɓarkewar cuta cikin kwana bakwai, a kai rahoto cikin kwana ɗaya, a fara ɗaukar mataki cikin kwana bakwai. Bakwai ɗin farko a hannunku take.

Abin takaici, ƙasashe ma halin dattijon nan suke shiga. A Nuwamban 2021 masana a Afirka ta Kudu da Botswana suka gano nau'in korona na Omicron, suka sanar da duniya nan take. Tukuicinsu shi ne aka rufe musu hanyoyin jiragen sama, har Nijeriya Birtaniya ta sa a jerin ƙasashen da ta hana shiga. Alluran rigakafi kuwa sai da masu kuɗi suka ƙoshi. Na farko sun iso Nijeriya ranar 2 ga Maris na 2021, wasu da aka kawo daga baya saura ƙiris su lalace, har a Disambar shekarar aka lalata sama da miliyan ɗaya a Abuja. To wace ƙasa ce za ta yi gaggawar faɗa gobe? Wannan ce ta sa aka shafe shekara uku ana ja-in-ja kafin ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya su amince da yarjejeniyar annoba ranar 20 ga Mayun 2025, kuma sashen da ya fi wahala, na yadda ƙasar da ta ba da samfurin ƙwayar cuta za ta sami rabonta na rigakafi da magani, shi aka bari a ci gaba da tattaunawa. Amurka ba ta ciki. Afirka kuwa kusan kashi 1 cikin 100 na rigakafin da take amfani da shi take haɗawa, burin Tarayyar Afirka shi ne a kai kashi 60 nan da 2040. Ina yi wa yarjejeniyar fatan alheri, amma da za a ba ni zaɓi tsakaninta da asusun diyya da zai biya mai kaji kuɗin kasuwa cikin mako biyu, asusun zan ɗauka.

Sai maganar yarda, wadda mu a Arewa muka san zafinta. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara 200, 11 suka mutu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Da aka zo 2003 aka ce a kawo yara a ɗiga musu maganin shan-inna, jama'a suka tuna. Aka dakatar da rigakafin a Kano kusan shekara guda, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Ba jami'an Abuja ne suka gyara wannan ɓaraka ba. Sarakuna ne da hakimai da masu unguwanni da malamai, da matan da ke shiga gida-gida, har aka kai 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shan-innar daji. Wannan tsari dukiya ce, kuma ina ganin sakaci ne a bari ya watse sai wata cuta ta zo a fara neman lambar wayar mai unguwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma a 2020 ranar tafiyar muka fafe. Sanda korona ta shigo a ƙarshen Fabrairu, ɗakunan da za su iya gwada ta a ƙasar nan ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma in ban da na Abuja duk a Kudu suke. A watan Afrilu masu haƙar kabari a Kano ne suka fara cewa gawarwaki sun yi yawa, kafin wata hukuma ta ce uffan. Asibitoci masu zaman kansu da dama sun rufe don tsoro, masu hawan jini da ciwon suga suka rasa inda za su. Daga baya ministan lafiya na lokacin ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma rabi ko fiye na iya zama korona ce. Ki lura da waɗanda suka fara gani: masu haƙar kabari. Abin da ake buƙata daga gwamnati ba ɓoyayye ba ne. Ɗakin gwaji a kusa, iskar oksijin da ruwa da sabulu da safar hannu a ƙananan asibitoci, jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ya sami man babur, likitan dabbobi a kowace babbar kara da mayanka, kuma likitocin mutane da na dabbobi su riƙa magana da juna. Muna da cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom ta jihar Filato tun 1924, muna da hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, ƙwararru ba su ne matsalarmu ba. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, mu da aka yi taron a gidanmu galibi muna yawo ne wajen kashi biyar.

Bari in ɗan ratse, don akwai wata annoba da ba ta da ranar ɓarkewa, kuma ku masu kiwo kuna da hannu a ciki dumu-dumu. Kaza ta yi sanyi a jiƙa mata kafso a ruwan sha, ba ta yi ba ma a jiƙa wai don rigakafi. A yi wa saniya allura yau, gobe a tatse ta a kai nono kasuwa. Mu ma mu shiga kemis mu sayi ƙwaya huɗu, mu ji sauƙi mu daina. Kowane irin wannan horo ne muke bai wa ƙwayoyin cuta har su daina jin magani. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda cututtukan da suka daina jin magani. Kuma ranar da babbar mura ta zo, da yawa ba ita ke ƙarasa su ba, ciwon huhun da ke biyo bayanta ne, wanda waɗannan magunguna ne kaɗai makaminsa. Ki riƙa duba kwalin magani, akwai adadin kwanakin da aka rubuta a jira kafin a ci ƙwai ko nama. Ki kiyaye su.

A gidanki kuwa, abin da zan roƙe ki bai fi ƙarfinki ba. Kazar da kika sayo daga kasuwa, ko wadda kika kai ba a saya ba, kada ta koma cikin sauran sai ta yi mako biyu a ware. Ki raba agwagi da kaji, don agwagwa takan ɗauki cutar tana yawonta lafiya lau. Ki ware takalmi ɗaya na shiga ɗakin kaji wanda ba ya fita ko'ina, dillali da mai sayen ƙwai su tsaya a waje, kiret ɗin wata gona kada ya ƙetare ƙofa. Akurki ya yi nesa da ɗakin kwana, yara su daina kwana da 'yan tsaki. Ki tsare abincinsu da ruwansu daga tsuntsayen waje, musamman da hunturu, lokacin da baƙin tsuntsaye daga Turai ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru. Hatsi a rufe shi a mazubi mai murfi, nono a tafasa. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya kada a yi saurin sa mata wuƙa don kar ta yi mushe, domin ciwon saifa, wanda aka tabbatar da shi a wata gona a Suleja a Yulin 2023, ta wajen fiɗa da rabon nama yake kama mutane. Kuma in kuna da ƙungiyar masu kiwo, ku matsa kan maganar diyya tun yanzu da babu cuta, ku ma ku yi naku asusun na adashe don wanda ya yi asara saboda ya faɗi gaskiya.

In kuwa kika tashi wata safiya kika tarar da kaji da yawa sun mutu dare ɗaya, ko kika ga fuska a kumbure da zanko ya canza launi, to a ranar za ki kira ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku, ki kuma sanar da mai unguwa. Kada kaza ko ƙwai ko taki ya fita daga gidan, komai farashin da dillali ya taya. Kada a fige ko ɗaya. Wanda zai taɓa matattun ya zura hannunsa a leda in babu safa, ya rufe hanci da baki, ya wanke hannu da sabulu bayan ya gama. A ware biyu ko uku a ƙulle a leda ninki biyu, a ajiye a inuwa don likita ya ɗauki samfur, sauran a binne su da zurfi yadda kare ba zai tono ba. Sannan ki sa ido kan duk wanda ya shiga ɗakin har kwana goma. In ɗayansu ya fara zazzaɓi ko tari ko jan ido, a kai shi asibiti, ko a kira layin NCDC na kyauta, 6232, kuma kalmar farko da za a gaya wa ma'aikacin lafiya ita ce kaji sun mutu a gidanmu, domin in ba a faɗa masa ba maganin maleriya zai rubuta ya sallame ku.